Malamin da Muryarsa Ta Kayar da Shi

Daga Allah muka zo, kai kuma ka riga mu komawa gare Shi, Malam. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, 'yarka ta kira ni ta ce ka cika.

Tare muka koyar a makarantar harsuna, kai kana riƙe da ajin Faransanci. Haƙurinka har haushi yake ba ni. Ɗalibi zai yi ta murɗe kalma, sai ka ce, "Sake, bakin ne bai saba ba." Direbobin da aiki ya hana su zuwa aji, ranar hutunka kake zama da su.

Da mai makaranta ya kawo manhajar koyon furuci, kai aka shigar ƙaramin ɗakin naɗar murya mai soso a bango, kana karanta jimla bayan jimla har muryarka ta dushe. Ɗalibi ya sa abin kunne, ya ji ka, ya maimaita, na'ura ta ba shi maki. Murna kake yi. Ka ce yanzu mai kunya ma zai yi kuskurensa ba mai yi masa dariya.

Sai shanyewar ɓarin jiki ta karkatar maka da baki. Ka yi jinya, ka dawo da sanda kana roƙon a mayar maka da ajinka, don zaman gida yana kashe ka. Mai makaranta ya ce, "Ba komai, Malam, na'ura ta gwada ka kawai." A gaban ɗalibai ya sa maka abin kunnen. Tsohuwar muryarka ta faɗi jimla, ka maimaita, allo ya yi ja. Ka sake, ya yi ja. Wani a baya ya tuntsire da dariya. Ka cire abin, ka goge shi da hannun riga, ka ajiye wa na gaba. Ban taɓa ganin wulaƙanci irin wannan ba, kuma wallahi har yau ban huce ba.

Matarka ta roƙi a ba ta ko darasi ɗaya, ta riƙa jin muryar da ta sani. Aka ce kayan makaranta ne.

Allah ya jiƙan ka, ya yafe maka, ya sa jinyar ta zama kaffara. Ya ba matarka da 'ya'yanka haƙurin rashi. Mai makaranta kam ba zan yi masa ta'aziyya ba, bai rasa komai ba. Lokacin da muke saka ka a kabari an yi aji, kuma kai ne ka koyar.