Mayafin Mahaifiyata da Furen Bayan Katanga

Shekarun baya, a shekarar annobar nan da aka rufe filayen jirgi, mahaifiyata ta rasu a Kano ina nan Doha. Ta waya na karɓi gaisuwa. Da aka buɗe hanya, ƙanwata ta aiko min da mayafinta ta hannun wani abokin mijina, an ɗaure shi a leda biyu. Ta ce, "Yaya, ban wanke ba. Da shi ta yi sallar ƙarshe, ƙamshinta yana nan."

Abin da ƙanwata ba ta sani ba, ciwon ya kama ni kafin saƙon ya iso. Na warke sarai, amma ya tafi da hancina. Ni da nake gane miyar da maƙwabta suka ɗora tun daga bakin ƙofa, na koma sai hayaƙi ya cika kicin kafin in san shinkafa ta ƙone. Na buɗe ledar, na tusa fuskata, ban ji komai ba. Na miƙa wa mijina na ce ya faɗa min me ya ji. Ya shaƙa, ya ce, "Ƙamshin Hajiya ne dai." Bawan Allah, iyakar bayaninsa ke nan.

Na mayar na ɗaure, na hana kowa taɓawa. Na san ƙamshi ba ya zama a tufa har abada, kuma tsorona ɗaya ne: kada ya tafi kafin hancina ya dawo.

A rukunin gidajenmu na Al Rayyan akwai maƙwabciyata, 'yar Zangon Kumasi, mai kitso a wani shago a unguwar Bin Mahmud. Ta shuka wata ciyawa mai yaɗo a bayan katanga, inda ruwan na'urar sanyaya ɗaki yake ɗiga. Turawa na kiranta honeysuckle, ita kuwa sha-zuma take ce mata, don in ka tsinke gindin furen ka tsotsa akwai ɗigon zaƙi. Furen yakan fito fari, in ya kwana biyu ya koma ruwan ɗorawa. Takan shanya shi ta dafa wa mai mura, kuma ta rantse gidan da furen yake ƙofarsa ba ya rasa baƙon alheri.

Da ta ji damuwata ta ce, "Anti, hanci kamar yaro ne, shi na son a tuna mishi karatu. Kullum da magariba zo ka shaƙa. Yalla, tashi, ba kuka." Hausarsu ba ta raba mace da namiji, na riga na saba da zama "ka".

Haka na fara. Mace da girmanta, da hijabinta, ta sa kai cikin ganye kamar akuya. Ƙudan zuma su zo da yamma, in duhu ya fara wasu manyan malam-buɗe-littafi su karɓe su, har da wani ɗan tsuntsu da yake tsalle a tsakanin rassan. Duk sun san hanya, da alama ƙamshin ne yake kiransu. Wallahi na yi kishin ƙwari. Zafi ya shigo, furen ya zube, na ci gaba da jira.

Sai da ya sake fure. Wata magariba na sunkuya kamar kullum, ba tare da sa rai ba, sai wani abu siriri mai zaƙi ya ratsa ni. Ko takalmi ban tsaya gyarawa ba, na haura sama, na kwance ledar.

Warin leda kawai na ji. Na juya mayafin ciki da waje, na shaƙi wuyansa, na shaƙi gefen da take goge fuska. Babu humrarta, babu kanumfarin da take taunawa. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar.

Maƙwabciyata ta biyo ni, ta tsaya a ƙofa ta ga halin da nake ciki. Ta sauka, ta dawo da furen cike da tafin hannunta, ta zuba a tsakiyar mayafin ta naɗe. Ta ce, "Khalas, ya isa, Anti. Kar ka bar shi haka ba komi."

Mun bar gidan nan tuntuni, ita ma ta koma Kumasi, amma na taho da reshe ɗaya, yana nan a tukunya a baranda. Duk shekara in ya yi fure ina sabunta na cikin mayafin. Na daina ɗaure shi a leda, ina yafa shi in yi sallah. Har yau ina kewar ƙamshinta na gaskiya, kuma na kasa tuno shi daidai, wannan yana min ciwo. Mahaifiyata ba ta taɓa ganin furen nan ba a rayuwarta. Amma duk magaribar da iska ta shigo da ƙamshinsa ɗaki, sai na waiwaya in ga ko ita ce ta shigo.