Zanena a Jikin Shingen Kasuwa

Wata Asabar cikin hutun bazara, ina 'yar shekara tara, ni da Mama muka hau bas daga unguwarmu Levenshulme zuwa tsakiyar Manchester don mu ga zanena. Malamarmu ce ta sa mu yi shi. Ta ce hukumar gari, wato council, na son jawo manyan kantuna cikin gari, har da wani katafaren kantin littattafai, don haka kowa ya zana yadda yake so garin ya koma. Na zana bene mai gilashi, littattafai har rufi, yara kwance a ƙasa suna karatu. Nawa aka zaɓa, aka ce za a buga shi ƙato a kafa a bakin titi. An dai ce a tsakiyar gari za mu gan shi, ba wanda ya gaya mana wane titi.

A lokacin Kawu Isuhu, ƙanen Mama, yana da ɗan shago a wata tsohuwar kasuwa mai rufi a tsakiyar garin, yana sayar da littattafan Hausa da na addini, da huluna da turare. Can nake wuni duk Asabar, in goge ƙura, in jera littattafai, in yi ɓuya da 'ya'yan mai kifi a bayan kwalaye. A kan wani kwali na koyi karanta Hausa, Kawu na dariyar yadda nake furta kalmomi. "Harshenki na Manchester ne, Binta," yakan ce, "amma za mu lanƙwasa shi." Tun bayan azumi Mama ta daina kai ni, ta ce aiki ya yi wa Kawu yawa.

Muna sauka na hango zanena, ga sunana a ƙasa. Na saki hannun Mama na ruga. Sai da na isa na gane inda nake tsaye. Shingen katako ne aka kewaye kasuwar da shi, a jikinsa aka manna zanen. Na leƙa ta wata kafa, na ga babu rufi, babu rumfuna, sai tarin bulo da motar rusau. Koren bangon shagon Kawu ne kaɗai ya rage a tsaye. Na juya wurin Mama, ta iso bayana.

"Mama, ina Kawu?"

Ta dafe ƙirji. "Ya koma Birmingham, ya sami aikin tuƙin bas. Shi ya ce kada a gaya miki tukuna. Wallahi ban san a nan za su kafa shi ba."

Kawu bai sake sayar da littafi ba. Da ya ji labari sai ya kira ni a waya, ya ce an gaya masa zanen ya yi kyau. Sai na fashe da kuka.

Yau kantin littattafan na nan a gurbin kasuwar, da gilashinsa da ƙamshin kofi. Nakan kai 'ya'yana, su baje a ƙasa su manta da ni, ni kuwa in tsaya ina neman inda kantar Kawu take a da. Wurin na da daɗi, kuma har yanzu ban san yadda zan yi da wannan daɗin ba.