Neman Yaya Hajara a Jidda

Gumel zuwa Kano

Na bar Gumel ran Asabar kafin kiran assalatu, a bayan wata akori-kura mai ɗauke da buhunan gero. Yayata Hajara zan nema. Bara waccan ta tafi aikin hajji ta hannun wani ejan, wanda ya karɓe fasfunan mutanensa wai zai adana musu. Alhazai suka dawo, babu ita. A takarda kuwa ta dawo, domin wata mata ta sauka a Kano da fasfon Hajara.

Mun kai ƙara babbar kotun jiharmu, alƙali ya ba da umarni a binciki ejan ɗin. Sai lauyan gwamnatin tarayya ya miƙe ya ce fasfo da shige da fice harkar tarayya ce, alƙalin jiha ba shi da ikon sa a binciki laifin tarayya. Aka ɗaukaka ƙara zuwa Legas, magana ta kwanta. Da na gaji da zaman jira, na nemi bizar umra.

Kano zuwa Jidda

Jirginmu ya tashi ran Litinin da asuba, ya tsaya shan mai a Sudan, muka sauka Jidda bayan la'asar. Iskar garin ɗumi ce mai laima, kafin in kai ga teburin masu duba takardu rigata ta jiƙe. Jami'in ya buga hatimi bai ko dube ni ba, ya ce, "Yalla, hajji," wato in wuce.

Na sauka a unguwar Bab Makka wurin Alhaji Usman, wani tela haifaffen Sudan da kakansa ya fito daga Haɗeja. Ya sa aka kawo mini wake da gurasa da shayi mai kauri. Da na faɗi sunan yayata, sai ya tsayar da keken ɗinkinsa.

"Hajara Bagumala? Wallahi tana unguwar Mahjar, wankau take yi. Amma ka bi a hankali, ba ta da iƙama, takardar izinin zama. In ta ga baƙon namiji ɓuya take yi."

Mahjar

Washegari da hantsi muka hau tasi zuwa kudancin gari. Gidajen langa-langa ne da na katako, ruwan sabulu na gudu a lungu. A ƙarshen wani lungu na hango mace a tsugune kan baho, hannayenta sun yi fari fat sun tsattsage. Ta rame har na wuce ta. Ita ce ta kira ni da sunan da take kirana tun ina ƙarami.

"Ɗanlami! Kai ne?"

Na tsuguna kusa da ita. Daga baya ta ce a Mina ejan ya karɓi fasfon, ya ce su haɗu a filin jirgi. Ta yini ta kwana a can har jirgi ya tashi.

"Yaya, me ya sa ba ki aiko ba?"

"Na aika har sau nawa. Duk wanda na aika sai ya ce an gaya masa na riga na koma."

Ofishin 'yan ƙasarmu

Ran Alhamis na kai ta ofishin da ke kula da mutanenmu, tana rufe da fuska saboda tsoron kame. Jami'in ya saurare mu, bai yi mana tsawa ba. Ya ce, "Malam, a wurinmu Hajara tana gida. Kafin in ba wannan baiwar Allah takarda, sai an yi bincike daga Legas an tabbatar wata ce ta yi amfani da fasfon."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai alƙali ya ba da umarni."

Ya ce, "Alƙalin jiha ne."

Hajara ta buɗe fuska ta ce, "To ni wace ce?" Ya sunkuyar da kai.

Alhaji Usman ya yi ta yawo yana nema mata kafili, wato ɗan ƙasa da zai tsaya mata, amma kowa sai ya nemi fasfo. Ƙarshe ya ce, "Halas, ɗan'uwa. Ta dawo gidana ta zauna da iyalina har Allah ya kawo mafita." Ran da zan taho ta riƙe hannuna ta ce, "Ka ce wa Inna ina lafiya. Kada ka faɗa mata wankau nake yi."

Komawa gida

A Kano na samu ganin alƙalin a ofishinsa. Ya ji bayanina har ƙarshe, ya cire tabarau ya ce, "Na yarda da kai. Amma ikona ya tsaya a iyakar jiha, masu ikon kuwa har yau ba su ce komai ba." Da na fito na bi ta tasha, sai ga ejan cikin sabuwar babbar riga yana tara maniyyatan bana.

Na isa Gumel da la'asar sakaliya. Inna ta fito tsakar gida, ba ni take kallo ba, ƙofar zaure take kallo a bayana. Ta daɗe a tsaye, sannan ta koma ɗaki ta tura ƙyaure.

Ina godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Ina godiya ga Alhaji Usman da iyalinsa, da alƙalin da ya yi iyakar abin da doka ta bar masa. Sauran kuwa, Allah ya isa tsakaninmu da su.