Teburin Auta

Auta 'yata ce, aikinta buga rubutu a kwamfuta a wani kamfanin jigilar kaya. Tun tana ƙarama hannunta ke da sauri. Ita ke zura wa uwarta zare a allura, ita ke ɓalla mini maɓallin hannun riga in zan fita. A ofis, Inji suke ce mata.

Wata safiya ta zo ɓalla mini maɓallin, ya kuɓuce mata. Ta sake kamawa, ya sake kuɓucewa. Ta yarfe hannu tana dariya.

"Baba, kai ma ka riƙa sayen riga mai manyan maɓallai mana. Yatsun ne suka yi sanyi. Kwamfuta ce kawai."

Ban yi dariya ba. Haka yayanta ya ce lokacin da cokali ya fara faɗuwa daga hannunsa. Shi ma a gaban kwamfuta yake wuni, amma nasa ba ita ba ce. Ciwon jijiya ne. Ya bi hannu, ya bi ƙafa, ya kai ga numfashi, muka binne shi.

Na kai ta asibiti. Likita ya murza wuyan hannun, ya ce mai yiwuwa yanayin zamanta ne ke danne jijiyar. A gyara wurin, ta rage aiki. In teburin aikinta ne, hannun zai dawo. Bai faɗi sauran ba, ni ma ban tambaya ba.

Washegari na je ofishinsu, ina tafe ina roƙon Allah in tarar da wurin ba kyau. Tebur ne dogo, kujerar roba ce gajera. Kafin ta kai ga kibod sai ta ɗage kafaɗu, wuyan hannunta a lanƙwashe a kan kaifin katakon, har fentin wurin ya goge. Maus ɗin yana can bayan tulin fayil, sai ta yi miƙa take taɓa shi.

Wata abokiyar aikinta ta hango ni. "Inji, ga tsohonki ya zo duba ko muna dukanki!"

Auta ta miƙe. "Baba, lafiya?"

Na shafa gefen katakon. Na ce, "Wannan teburin mugu ne."

"To shi ne kake murmushi?"

Shugabanta ya yarda kafinta ya rage wa teburin ƙafafu, aka kawo kujera mai madogara, aka kwashe fayil ɗin. Tana kwana da ɗauri a wuyan hannu yanzu, tana mitar ya hana ta sakewa.

Na iya ɓalla maɓallina da kaina. Amma kowace safiya nakan miƙa mata hannu, uwarta ta tsaya a bakin ƙofa kamar tana neman wani abu. Ba mai kallon wani, duk yatsun muke kallo.

Yau maɓallin ya zame mata, ta cije leɓe, sannan ya shiga.

"Ka gani?" in ji ta.

Na ce na gani. Gobe ma rigar zan sa.