Facin da Baba Tela ya gani a gidan tarihi

Shekara arba'in da ɗaya Baba Tela ya yi a shago ɗaya, ƙarƙashin matattakalar wani bene, tsakanin mai gyaran agogo da mai aski. Ba ya ɗinka sabo. Aikinsa gyara ne: aljihun da ya ɓarke, gwiwar wando, wuyan rigar da ya cinye. In ya yi maka faci, sai ka juya rigar sau uku kafin ka gano wurin.

Da yanar ido ta fara rufe masa gani bai gaya wa kowa ba. Sai ranar da ya ɗinke wa mai aski baƙin wando da jan zare asiri ya tonu. Autarsa, wadda take aikin jinya a ƙasar waje, ta aiko da tikiti, aka yi masa aikin ido a can. Ta kuma yanke magana: in idon bai dawo sosai ba, ya gama da shago, zai zauna wurinta. Shi kuwa bai san yadda ake wuni ba allura a hannu ba. Tsoro ya hana shi ko gwada zura zare.

Sati uku da cire bandeji, ta ce su je gidan tarihi ya ga gawarwakin mutanen da, waɗanda aka adana ba su ruɓe ba.

"Auta, tun yaushe gawa ta zama abin kallo?"

"Baba, ba kai kake cewa babu sa'anka a unguwa ba? Waɗannan sun ba ka shekara dubu uku. Taso ka gaida manya."

Ɗakin da sanyi, fitilu a rage, kowane mamaci cikin akwatin gilashi. Baba Tela ya yi sallama a hankali. Kunya ta hana shi duban fuskar na farko, sai ya mayar da ido wajen ƙafa, inda zanen da aka naɗe shi a ciki ya ɗan warware. Ya sunkuya, ya ƙara sunkuyawa, har numfashinsa ya dushe gilashin. Mai gadi ya yi gyaran murya.

"Auta, zo ki gani. Wannan zanen ba sabo ba ne, an yi masa faci."

"Ina?"

"Kusa da idon sawu, bai fi farcen babban yatsa ba. Ɗinki goma sha ɗaya a jere, na sha biyun ya karkace. Ko hannu ya gaji, ko an kira mai ɗinkin."

Ita dai ba ta ga komai ba. Ta ɗauki hoto da waya, ta buɗa shi da yatsu, ta ƙirga. Sha ɗaya, na sha biyu a karkace. Ta dubi uban, ta gane idonsa ya dawo sarai.

"Wani ya zauna ya gyara masa kafin a naɗe shi," in ji Baba Tela. "Aiki ya yi kyau. Amma da ni ne, da na ɓoye ƙullin ta ciki."

A bakin ƙofar fita ta miƙo masa hannun rigar sanyinta, inda ya yage tun bara.

"Sai ka gyara min wannan kafin in sake ka."

Yanzu yana shagonsa, hoton facin manne a bango bisa keken ɗinki. Sau biyu yana roƙon mai aski ya kawo wandon nan a warware jan zaren. Mai aski ya ce ina, ai ya saba da shi haka.