Wanda Ya Tsaya wa Baƙuwar Mora

Ni na rubuta dokar da hannuna, don haka ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. Lokacin da aka kawo kwamfutoci ɗakin karatun unguwarmu a Garoua, inda nake aiki, aka ja mana intanet, darakta ya kira ni ofis ya ce tunda ni ce mai kaifin baki da Faransanci, in tsara ƙa'idojin amfani da su, kwamiti ya duba daga baya. Ranar kaina ya kumbura ba kaɗan ba. Na koma gida ina wa mahaifiyata bayani tana ta tankaɗen garinta, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Kwana uku na yi ina rubutu. Rabin awa ga kowane mutum. Ba ci, ba sha, ba amsa waya. Ba kallon abin da ba ka so uwarka ta same ka kana kallo. Wannan da wasu kalmomi na rubuta shi, amma ma'anar ke nan. Sai doka ta huɗu, wadda na fi alfahari da ita: duk wanda ba shi da katin shaida, ba zai taɓa kwamfuta ba. Ba mugunta ta sa ni ba. Shekarun ne da ake kai hare-hare can arewa, ko garin Guider za ka sai an sauke ku daga mota an duba kati, kowa a tsorace yake da baƙo. Darakta ya ce a fara aiki da su haka kafin kwamiti ya zauna.

A sati na biyu ta zo. Mace ce da ta girme ni, siririya, da zane ɗaya ta ɗaura ta yafa. Ta tsaya bakin ƙofa ta cire takalmi kamar mai shiga masallaci. Na yi mata Fulatanci, ta amsa da ƙyar, sai ta juya Hausa irin ta kasuwar kan iyaka. Daga wani ƙauye kusa da Mora take. Ranar da suka gudu, ta rabu da mahaifiyarta a hanya, tsohuwa ce ga ciwon ƙafa, kuma watanni ke nan ba labari. Wani ya gaya mata cewa masu ba da agaji suna ɗaukar hotunan mutanen da suka rabu da danginsu suna sa wa a intanet.

"Malama, so nake ki nuna mini hotunan," in ji ta. "Zan gane ta."

Na ce, "Ina katinki?"

"Ya ƙone da ɗakin."

"To, baiwar Allah, ni ba ni da yadda zan yi. Doka ce."

Haka na faɗa, wallahi, kamar daga sama dokar ta sauko. Ba ta yi gardama ba. Ta ce in yi haƙuri, ita ce ma ke ba ni haƙuri, ta sa takalminta ta tafi. Ni kuwa na juya ina yi wa wani ɗan jami'a faɗa don ya shigo da gyaɗa a aljihu.

Kwamitinmu na mutum biyar ne, kuma a cikinsu akwai wani tsoho da mai unguwa ya turo ya wakilci jama'a. Fatoma ne a kasuwar shanu, wato shi ke saukar da baƙin da suka kawo dabbobi, ya tsaya musu har su sayar su tafi. Bai iya karatun boko ba ko kaɗan. Gaskiya na raina zamansa a cikinmu. A raina cewa nake, me ya haɗa mai shanu da intanet? Yana kirana "Madam" don tsokana, ni ina ce masa Baba.

Ranar zaman na karanta ƙa'idojin da Faransanci, ina fassara masa. Yana ta gyaɗa kai har na zo ta huɗu.

"Tsaya, Madam. Wanda ba shi da katin fa?"

"Ya je ya yi, Baba."

"Ya yi da me? An ce sai da takardar haihuwa. Ita ma ta ƙone." Ya gyara zama. "Akwai wata baƙuwa a unguwar Djamboutou, tana taya matata suyar ƙosai. Ta ce ta zo nan wata malama mai gilashi ta mayar da ita."

Ni kaɗai ce mai gilashi a ɗakin. Raina ya ɓaci, kuma ni idan na ji kunya faɗa nake yi. Na ce masa idan wani ya shigo ya aika saƙon da zai jawo mana jandarmomi, wa za a kama, shi ko mu? Darakta ya ce gaskiyata ce.

Tsohon bai ɗaga murya ba. Ya ce tun yana saurayi mutane ke zuwa masa da garken shanu daga Chadi da wasu wurare masu nisa, ba wanda ya san su a gari, ba wanda ya taɓa tambayarsu takarda. Tambaya ɗaya ake yi a kasuwa: wa ya saukar da kai? In saniya ta fito ta sata, ba baƙon ake nema ba, fatomansa ake nema. "Ku rubuta haka," in ji shi. "Wanda ba shi da kati, ya zo da wanda zai tsaya masa. A rubuta sunan mai tsayawar. Wannan matar ni na tsaya mata, in jandarma ya zo ku nuna masa gidana, ai ya san hanya, wurina ake sayo musu nama."

Aka yi dariya, ban da ni. Darakta ya yi ta juya biro, ya ce bai taɓa ganin irin wannan a ƙa'idar wani ɗakin karatu ba, amma ya yarda a gwada. Ni aka sa na sake rubuta dokar, ina yi ina cije leɓe. Washegari tsohon ya kawo ta da kansa, ya sa hannu da ajami a littafin rajista, ya ce mini, "Ga amanata nan, Madam," ya wuce kasuwa.

Ba ta iya riƙe linzamin kwamfuta ba, don haka ni na zauna gefenta. Intanet ɗinmu kuwa sai a hankali. Hoto yakan fara bayyana daga goshi, ka jira ido, ka jira baki. Tana matsowa har hancinta ya kusa taɓa gilashin kwamfutar, ta ce "A'a," mu wuce. Rabin awa ta cika, na yi kamar ban ga agogo ba. Haka muka yi kwanaki, wani lokaci a ɗauke wuta mu zauna jugum. A nan na daina ce mata baiwar Allah, na koma ce mata Yaya. Wata rana ta gaya mini abin da ke hana ta cin abinci. Ta ce ta san tsohuwa ba lalle tana raye ba. Abin da ba ta iya ɗauka shi ne tunanin gawar uwarta yashe a daji, ba wanka, ba salla.

Ran nan goshi kawai ya fito, da bakin ɗankwali, ta kama hannuna. "Inna ce."

Na rubuta wa masu hoton da lambar da ke ƙarƙashinsa. Amsa ta ɗauki fiye da sati. Da ta iso ni na fara karantawa, na so in ce ba a amsa ba tukuna. Amma tana kallon fuskata. Na gaya mata: tsohuwa ta kai wani sansani da ranta, ta zauna cikin mutane, ta yi rashin lafiya, Allah ya yi mata rasuwa.

Ta yi salati. Sannan ta ce, "An yi mata sutura?"

Na sake dubawa. "An yi, Yaya. Sun ce matan wurin suka yi mata wanka, aka yi mata salla, kuma an san kabarinta."

"Alhamdu lillahi," in ji ta. Ta maimaita har sau uku kafin kukan ya zo. Duk masu karatu suka ɗago kai, ba wanda na ce wa ya yi shiru.

A gidan tsohon aka yi zaman makoki, shi ya shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida yana karɓar gaisuwar maza, saboda tsohuwar da bai taɓa gani ba. Har yau ina yi masa addu'a, don ba ita kaɗai ya tsaya wa ba. Da bai yi magana a zaman nan ba, da na ci gaba da mayar da mutane ina jin aikina nake yi.

Na shiga cikin gida wurin mata na durƙusa na yi mata gaisuwa. Wata dattijuwa da ke gefe ta tambaya, "Wannan fa, 'yar uwarku ce?"

Ta riƙe hannuna ta ce, "Ita ce ta nemo mini Inna."

Na buɗe baki in gaya musu cewa ni ce na fara korar ta. Ta matse hannun nawa da ƙarfi, ta girgiza mini kai, ta miƙo mini kwanon kunu.