Yadda Yaya Edah Ta Koma Aji

Yayata Nurhaedah, wadda duk ƙauyenmu na gaɓar tekun Takalar ke kira Edah, ita ce ta farko a gidanmu da ta taka ƙofar jami'a. Tana budurwa ta tafi Makassar karatun akanta. Ba ta gama shekara ta biyu ba mahaifinmu ya kwanta ciwon shanyewar ɓarin jiki, ga igiyoyin ciyawar tekun da muke nomawa a cikin ruwa babu mai duba su. Ta tattaro kayanta ta dawo gida, ta ce zango ɗaya kawai za ta yi ta koma. Zangon nan ne ya miƙe har ta auri Daeng Tompo mai kwalekwale, ta haifi 'ya'ya uku, Sukma ce babba, ta haura arba'in.

Ni Salmiah, ƙanwarta, tare muke aiki. Da safe mu zauna a inuwar ƙarƙashin gidanta na katako mai dogayen ƙafafu muna ɗaura irin ciyawa a jikin igiya, da rana mu shanya wadda aka ciro a kan gadajen gora. Wata rana muna cikin ɗaurin sai ta ajiye igiya ta ce, "Salmiah, na yi rajista."

Na ce, "Ta hajji?"

"Ta jami'a. Akwai ajin Asabar da Lahadi, na masu aiki. Akanta zan ƙarasa."

Daeng Tompo yana gefe yana kwance injin kwalekwale. Ya ɗago, hannu duk baƙin mai, ya ce, "Uwar Sukma, ke da sai da tabarau kike zura zare a allura?"

Ta ce, "Kai dai ka cika mini babur da mai, ka bar mini sauran."

Washegari sai ga babur a ƙofar gida an wanke shi tas, an cika tanki, ga sabuwar hular kwano ja a rataye.

Asabar ta farko da ta dawo, tun daga bakin hanya muka jiyo ta tana danna oda. Ko hular kwanon ba ta cire ba ta faɗo mana. "Salmiah! Kin san wa ke koyar da mu? Bahar!"

Baharuddin ɗan ajinsu ne a karatunta na farko. A bayanta yake zama, ya kifa kai a benci har a tashi, shi ya sa suka laƙaba masa Bahar Barci. Yanzu ya yi digiri na uku, ya yi tumbi, ya yi sanƙo. Ta ce yana kiran sunaye, da ya zo kan nata sai ya tsaya ya leƙo ta saman tabarau. Ita kuwa kafin ta kama bakinta ta ce, "Kai! Bahar Barci!" Aji ya kwashe da dariya. Ya bari suka lafa, sannan ya ce da lafazin girmamawa irin namu, Bu ga mace, Pak ga namiji, "Bu Edah, a cikin ajin nan Pak Baharuddin za ki ce. A waje kya iya kirana abin da kika ga dama." Tana ba mu labarin tana dukan cinya, har hawaye.

Karatun bai zo mata da sauƙi ba. A zamaninta da biro da takarda ake komai, yanzu kuwa sai kwamfuta. Jarrabawar farko ta darasin kwamfuta ta faɗi warwas. Ta dawo ta zauna a kan matattakala. Babbar 'yarta Sukma ta ɗauko tata kwamfutar ta ɗora mata a cinya ta ce, "Mama, ba ta cizo. Danna." Daga ranar, kullum bayan la'asar za ka gan su a baranda, uwa na danna madannai da yatsa ɗaya kamar kaza na tsince shinkafa, 'ya na cewa, "Ba nan ba, Mama, can!" Da ta sake rubuta jarrabawar ta haye. 'Yan ajinsu, waɗanda yawancinsu ta haife su, suka koma kiranta Mama Aji. Tana kai musu burasa, shinkafar nan da ake dafawa da madarar kwakwa a ganyen ayaba, su kuma su riƙe mata kujerar gaba. Ko damina ta kankama, hanya ta cika da ruwa, sai ta lulluɓe da leda har ƙafa ta hau babur.

Da aka zo rubuta kundin kammala karatu, sai aka haɗa ta da Pak Baharuddin ya zama mai duba mata. Ta zaɓi yin bincike a kan yadda manoman ciyawar teku ke ƙiyasta abin da noman ke cinye musu. Muka ce ai ta huta, tsohon aboki ne, kuma aikin hannunta ne. Ashe ba mu san shi ba. Babin farko ya dawo jajawur da jan biro. Ta gyara, ya sake dawowa. Ta shiga ofishinsa a fusace.

"Pak, ramuwa kake yi ko?"

"Ramuwar me?"

"Sunan da na tona."

Ya yi dariya ya ce, "Edah, kin san ciyawa, na yarda. Amma wannan hira kika rubuto, irin ta ƙarƙashin gida. Kin ce manoma da yawa suna asara. Da yawa su nawa? Wa kika tambaya? Ina hujja? Idan na sa hannu a haka, gaban malamai uku za ki tsaya su yi kaca-kaca da ke, ni kuma ina kallo."

Ta dawo gida tana masifa, ta ce mutumin da ya yi digirinsa a cikin barci shi ne yau zai koya mata hujja. Amma da gari ya waye ta saɓa jaka ta fara bin gaɓar teku gida-gida, tana tambaya tana rubutawa. Har ƙauyukan da sai da kwalekwale ake zuwa, Daeng Tompo ya kai ta. Jan biron ya riƙa raguwa, har ranar da babi ya dawo da kalma ɗaya tak a samansa: "Madalla." Ta zagaya unguwa da takardar nan tana nuna wa har waɗanda ba su iya karatu ba.

Ranar kare kundi mu matan unguwa muka yi hayar motar ɗaukar kaya. Muka cika farfajiyar sashensu a jami'a, da tukwanen abinci da tabarmi, har mai gadi ya zo yana tambaya ko biki ake. Muka daɗe muna jira, Daeng Tompo ya kasa zama, sai kai da komo yake. Can ƙofa ta buɗe. Yaya Edah ta fito da baƙin siket da farar riga, fuska a ɗaure, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Sai kawai ta ɗaga hannu biyu sama ta kurma ihu, "Na ci!"

Wurin ya kaure. Mata na guɗa, 'yan ajinsu suka rataya mata ƙyalle mai sunanta, wata tsohuwa ta miƙa mata damin busasshiyar ciyawar teku da aka ɗaure da jan zare a madadin furanni. Pak Baharuddin ya fito yana share gumi, sai ga shi a tsakiyar mata an cusa masa kwanon romo a hannu. Ya ce, "Wallahi na fi ta fargaba a ciki." Yaya Edah ta ce, "Ci, Bahar. Yau a waje muke."

A bikin yaye ɗalibai mutum biyu kawai ake ba kowa damar shigarwa. Daeng Tompo da Sukma suka shiga, mu muka tsaya a waje gaban babban allon majigi. Da aka kira sunanta, ta hau dandamali cikin baƙar riga, shugaban jami'a ya juya mata tuntun hula daga hagu zuwa dama, sai muka yi ta tsalle kamar yara. Sukma ta ce babanta kuka ya yi ta yi a ciki, har na kusa da shi ya ba shi hankici. Shi dai har gobe cewa yake sanyin na'ura ne ya shigar masa ido.

Yanzu ita ce akantar ƙungiyar manoman ciyawa ta yankinmu. Tana da tebur da fanka a ofishinsu, kuma 'yan mata biyu daga unguwarmu sun bi sahunta. Da safe kafin ta tafi har yanzu takan zauna ta taya ni ɗaurin iri.

Watan jiya aka kawo katin auren Sukma daga wurin mai bugawa. Yaya Edah ta buɗe ɗaya, ta sa tabarau, ta karanta sunan uwar amarya. Ta ce, "Ina haruffan?" Mai bugawa ya manta da haruffan digiri da ake sawa a bayan suna. Daeng Tompo ya ce, "Uwar Sukma, ai kowa ya sani." Ta riga ta ɗaure kwalin a bayan babur. Ta ce, "Salmiah, hau ki riƙe mini, mu je ya sake."